Saƙon Matar Sarkin Noma

Mun tashi da asuba ni da Gwaggona, taurari ba su gama ɓacewa ba, domin kamyon da ke kai mutane kasuwar Dogon Dutsi ba ya jiran kowa, ko da yake shi yakan bar mutum a tsaye har rana ta fito. Ku da muka yi lakwal, makarantar boko, tare kun sha ce mini in riƙa ba ku labarin ƙauye tun da na dawo gida. To ga labari, amma ba irin wanda kuke jira ba ne. Yau kwana shida da dawowarmu, har yanzu in aka ɗaga murya a bayana sai in waiwaya. Sunan garinmu ba zan sa ba. Yana kudu, wajen Tibiri, cikin dallol, faffaɗan kwarin nan mai yashi. Wannan ya isa.

Sallar Layya ta matso, bazara ta yi zafi, kun kuma san yadda bara ta kasance. Ruwa ya ɗauke hatsi bai gama ido ba, gujiya aka saye ta da arha, ɗan abin da ya shigo hannu lanho, wato haraji, ya tafi da shi. Matan da suka saba zuwa Dutsi da ƙafarsu sayayyar salla, bana kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Da suka ji za mu, sai saƙo ya yi ta shigowa: wannan allura, wannan sabulu, waccan zane. Mata goma sha ɗaya. Gwaggo in an ba ta saƙo ƙulla shi take yi a bakin mayafi, kowace mace da ƙullinta, ba ta taɓa rikita su ba. Ni kuwa na yi mata dariya, na yago takarda daga tsohon littafina na lakwal, na sa sunan gari a sama kamar yadda aka koya mana, na jera saƙonnin da Faransanci, layi bayan layi.

Muna wuce rumbunan bayan gari, Gwaggo ta yi gaba, sai na ji an ja mini zane. Matar Sarkin Noma ce. Ku 'yan birni wataƙila ba ku san nauyin wannan suna ba. Ba sarautar fada ba ce. Mutum ne da ya taɓa noma dami dubu a damina guda, ya tara jama'a, aka yi kiɗa, ya raba hatsin kaf, sannan aka naɗa shi. Daga ranar, hatsi fita yake yi daga gidansa. A ce an ga ana auno masa tiya a kasuwa, gara a ce masa ya mutu.

"Ɗiyata, riƙe wanga," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. Tsumma ne, a ciki mundaye biyu na azurfa, da sauran ɗumin jikinta. "Ki kai ga maƙera, ki auno muna hatsi. Kwana goma ke nan dusa da ganye muke dahwawa, jikoki na kwana da kuka, shi ko maigida ya ce ba shi saye. Ni ce mishi ƙanena ya aiko. Kada ki auna ga wanda ya san mu. Ko Gwaggonki kada ta ji."

Na ce, "Inna, don mi ni?"

"Ke ba ki zama gindin turmi. Abin da ya shiga kunnenki ba ya hita."

Na cusa tsumman a lalitar ƙuguna. Da muka isa gindin gawon da ake jiran mota, na ciro takardata na ƙara layi na goma sha biyu. Ba tsoron mantuwa ya sa ni ba, wa zai manta da irin wannan? Hannu ne ya saba. Shekara da shekaru ana faɗa mana abin da ba a rubuta ba bai tabbata ba. Na kuma ce a raina, duk garinmu wa ke karanta Faransanci?

Kamyo ya iso rana ta ɗago, ya riga ya cika. Rake, rogo, tabarmin kaba, raguna, mutane a kan duk waɗannan. Dala talatin kowa, rago ma da kuɗinsa. Maza uku na garinmu suka hau tare da mu, kowa da ragon da ya yi niyyar yankawa da salla, yanzu zai kai kasuwa. Cikin dallol yashi ya riƙe mu sau biyu. Maza suka sauka turi, mu mata muka taka a ƙasa, direba yana zagin motar yana roƙonta a numfashi ɗaya. Da muka hau babbar hanya, jar ƙasar nan mai gargada, sai na gwammace yashin: haƙora na ta haɗuwa. Wata Bafillatana na gefenmu rungume da ƙwaryar nono. Gwaggo, da yake mu Arawa abokan wasan Fulani ne, ta ce mata kafin mu isa motar ta kaɗe mata shi, sai ta biya direba ladan fitar da mai. Ita kuma ta ce ai ba ta san Arawa sun san nono ba, ta ɗauka sai ruwan rijiya. Kowa ya yi dariya, ni dai hannuna yana ƙuguna, kowane rami sai na taɓa in ji mundayen suna nan.

Da hantsi muka hango duwatsun, jajaye, kansu a shafe kamar an yanke da wuƙa. Tun daga tasha mutum ba ya ganin ƙasa saboda ƙafafu. Na taɓa zuwa kasuwar Dutsi sau da yawa, ban taɓa ganinta cike haka ba, har na ce wa Gwaggo ashe talaucin namu ne mu kaɗai. Ta ce in buɗe ido in dubi hannuwa. Na duba. Kowa ɗauke da abin sayarwa, ba mai ɗauke da abin da ya saya. Mai kaza, mai tabarma, mai tsohuwar tasa, mai ɗan akuya. Turken raguna ya cika har bakin hanya, dillalai suna ta ɗaga wutsiya suna yabon kitse, masu kallo suna cewa madalla suna wucewa.

Cikin rumfuna kuwa komi an rage masa jiki. Sabulu ana yanka sanda da zare gida huɗu. Sukari ƙwaya-ƙwaya. Ashana an fasa kwali an ɗaure tsinke biyar-biyar. Kananzir a kwalbar turare. Gaban wani kanti mata sun yi cincirindo a kan kwanonin sha masu fenti, kowace ta ɗauka, ta ƙwanƙwasa, ta juya gindi, ta tambayi kuɗi, ta ajiye. Mai kantin har ya gaji da amsawa, yatsu kawai yake ɗagawa. Masu abinci ne kaɗai ke ciniki, su ma ƙosan ya koma kamar ƙwallon goruba da aka gama ci. Muka sayi kwabto, ganyen zogale da ƙuli-ƙuli, muka ci a tsaye, muka kora da furar Bafillatanarmu, wadda ta rantse ta ƙara mana ludayi don tausayi.

Daga nan Gwaggo ta tafi gaida wata 'yar'uwarta a unguwar bayan kasuwa, ta ce in fara da ƙananan saƙonni. Abin da nake jira ke nan. Na zarce rumfar maƙeran azurfa, ina tsara ƙaryar da zan yi in an tambaye ni. Ba wanda ya tambaya. Maƙerin ya goga su a dutse, ya ɗora a sikeli, ya faɗi kuɗi, ya jefa su cikin wata ƙwarya da ke gefen ƙafarsa. Ƙwaryar ta kusa cika da mundaye da zobba da 'yan kunne. Na tsaya ina kallonta har ya ce, "Malama, akwai wani abu?"

Na sayi allura, na sayi kanwa, na sayi kwatar sabulu, kowanne in na saya in ja masa layi da fensir. Hatsi na bar shi sai ƙarshe, don in ɗauko buhu kai tsaye zuwa mota. Sannan na shiga layin 'yan zane.

Mata huɗu cikin masu saƙo sun ce atamfa 'yar Ingilishi suke so, wadda ake shigowa da ita ta daji daga ƙetaren iyaka, don ta fi arha. Na san ba a baza ta a fili, ƙarƙashin tabarma take. Abin da ban sani ba, kasuwar da ta wuce 'yan duwan, wato kwastan, sun faɗo wa layin nan, sun kwashe kayan mutum biyar, sun tafi da ɗaya, kuma kowa ya tabbata wani ne ya nuna. Ni kuwa ga ni da siket irin na 'yan lakwal, takarda a hagu, fensir a dama, ina bin rumfa-rumfa: "Akwai 'yar Ingilishi? Nawa zane?" In an ce babu, in duba takarda in wuce. In an yi shiru, in ɗan sa alama a gefe don in dawo da Gwaggo, ta fi ni iya ciniki. A rumfa ta shida wani dogon mutum ya miƙe.

"Madamuzal, mi kike rubutawa?"

"Saƙo ne, Baba."

"Saƙon wa? Rumfata kika duba kika sa zane. Na gani da idona."

Kafin in ba shi amsa wani ya fizge takardar ta bayana. Wata murya ta ce, "Ta duwan ta!" Shi ke nan. Ban san daga inda mutanen suka fito ba. Layin da ma matsattse ne, sai ya toshe gaba da baya. Na baya na turo na gaba don su gani, na gaba na faɗowa kaina. Kallabina ya tafi. Takalmi ɗaya ya tafi. Wani ya watso mini ƙasa a ido, wata mata ta damƙe mini hannu tana jijjigawa tana cewa mijinta na kulle saboda irina. Ina magana, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Abin da na fi tunawa warin gumi, da gungumen rumfa da ya danne mini baya, da yadda numfashi ya ƙi shiga. Kun san zamanin da muke ciki, kowa na tsoron mai takarda, kowa na da wanda yake zargi. Na tabbata a raina nan za a tattake ni, a bar wa Gwaggo gawa.

Muryar Gwaggo na fara ji kafin in gan ta. Tana kutsawa da gwiwar hannu, tana kiran sunan babana da na kakana da na garinmu. Ta kama haɓata ta ɗaga fuskata sama.

"Ku dubi tsagarta! Ɗiyar gida ta, ba baƙuwa ba! Ku ji tsoron Allah!"

Dogon ya ce, "Gwaggo, wanda ya nuna mu kasuwar da ta wuce, shi ma da tsaga gare shi."

Wani dattijo mai rawani, da alama shi ne babban layin, ya ɗaga hannu. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce shi karatun allo ya yi, wannan ba nasa ba ne. Ya ce a kirawo tsohon sojan da ke rubuta wasiƙu a bakin gidan waya. Sannan ya dube ni.

"Yarinya, a karanta gaban kowa? In saƙo na, kin hita. In kin ƙi, kin ba da amsa da kanki."

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, don ba zan gyara kaina ba. Na tuna layi na goma sha biyu. Na kuma hango biyu cikin mazan garinmu a bayan taron, igiyar rago a hannu, suna leƙe. Na ce, "A karanta."

Tsohon soja ya zo yana ɗingishi, lambobi a ƙirjin tsohuwar kwat. Ya sa tabarau, ya gyara murya kamar zai karanta wasiƙar gwamna. Ya fara da sunan garinmu. Sannan ya riƙa karanta layi yana juya shi da Hausa.

"Matar mai unguwa: allura biyu da baƙin zare. Uwar tagwaye: sabulu rabin sanda, in ya yi tsada kwata." Wani ya ce ai kwatar ma ta yi tsada. "Tsohuwar gidan marina: garin taba, kada ɗanta ya sani." Dariya ta tashi daga gefe guda. "Matar wanzami: ƙaramin madubi." Ya matso da takardar ga idonsa. "A tambayi kuɗinsa kawai, kada a saya."

Layin ya fashe da dariya. Matar da ta riƙe ni ta sake mini hannu. Dogon ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. An riga an gane, magana ta ƙare. Da na miƙa hannu a lokacin na ce ya isa, da an ba ni takardata, har da ban haƙuri. Amma kowace dariya sai in ji taron ya ƙara ja da baya taku ɗaya, iska na ƙara shigo mini. Ban so ta tsaya ba. Suna cewa, "Ci gaba, Soja, ci gaba," ni kuwa na yi shiru ina jan numfashi, yana sauka layi-layi, ina ƙirga su da shi.

"Na ƙarshe. Matar Sarkin Noma: a sayar da mundaye biyu, a sayo hatsi."

Ya ɗago kai yana jiran dariya. Ba wanda ya yi. Cikin taron akwai waɗanda suka je bikin dubun nan, akwai waɗanda iyayensu suka dawo da dami a ka. Wani can baya ya ce, "Har shi?" Dattijon ya karɓi takardar daga hannun soja, ya ninke ta gida huɗu, ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kanta. Aka kawo mini takalmina. Wata ta kakkaɓe kallabina ta ɗaura mini. Mutane suka watse kamar an tashi daga jana'iza. Na duba wajen da mazan garinmu suke, ba su nan.

Gwaggo ce ta ja ni zuwa 'yan hatsi, ita ta yi ciniki, ita ta sa aka ɗinke bakin buhun. Atamfa ba mu koma ta kanta ba. A mota mazan garinmu suka zauna can gaba, biyu da ragunansu da ba su sayu ba, ba wanda ya waiwayo. Ban ga hanya ba, ban ji gargada ba. Gwaggo ta lulluɓe ni da mayafi. Sai da muka shiga dallol ta yi magana, sau ɗaya. Ta ce, "Da sun kashe ki hwa? Bar kuka. Amma ke za ki kai mata da kanki."

Mun sauka ana kiran magariba. Labari ya riga buhu isa, don maza sun fi mu sauri. Da na zagaya da buhun ta bayan dangar gidan Sarkin Noma, shi da kansa na tarar a tsaye. Ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya tambayi hanya, ya ce in bi da kayan ta ƙofar gaba. Washegari da safe ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka farke buhun, ya kira maƙwabta, ya raba shi tiya-tiya da hannunsa har ƙwayar ƙarshe, yana cewa sadakar salla ce. Kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya karɓa ya yi godiya, don ƙin karɓa ya fi muni. Ko tsaba ɗaya ba ta shiga gidan ba.

Kwana uku ina kauce wa rijiya. Ran na huɗu ruwa ya ƙare, dole na je, na sami Matar Sarkin Noma tana jan guga, hannuwanta babu komi sai farin shatin inda mundayen suka zauna shekara da shekaru. Na durƙusa. Ita ta fara.

"Sannu da hanya, ɗiyata. An ce sun so su ji miki."

"Inna, ni na yarda a karanta. Kuma ina iya tsayar da shi, ban tsayar ba."

Ta juye gugan cikin tulu. "Abu guda nike son ji. Da aka kai kaina, sun yi dariya?"

"A'a, Inna. Shiru suka yi."

Ta ɗan jima tana naɗe igiya. "To," in ji ta, "su ma rumbunsu ke nan." Ta ce in kama mata tulu, na kama.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗi. Na tafi ina ganin cikar kasuwa alamar wadata ce, na dawo na san bana kowa ya je ne ya ɓoye abin da ke damunsa cikin taro. Na tafi ina ganin kaina mai riƙon amana don ba na surutu, ashe ba a taɓa matse ni a jikin gungume ba ne. Wanda bai taɓa jin numfashinsa ya tsaya ba, kada ya yi saurin rantsuwa a kan halinsa.

Yanzu kowace yamma Gwaggo na zuba tuwo a babban akushi, ta ce in kai gidan Sarkin Noma su ɗanɗana miyarmu su faɗa mata ko gishiri ya ji. Gidaje biyu ma sun fara neman a ɗanɗana musu tasu. A garinmu ba a mayar da akushi wayam, Inna kuwa ba ta fasa ba. Jiya na buɗe shi a hanya, an wanke shi tas, a ciki 'ya'yan aduwa guda uku.